Yadi Takwas

Ranar Talata bayan la'asar, an ɗauke wuta,
ina taka keke a rumfata ta Fagge,
sai ga Istifanus, akawun kamfanin fata,
da wani hoto da ya yi ja kamar an jiƙa shi a shayi.

Bature ne tsaye a gefen dogo,
gwiwa a waje, buje mai gidan dara,
zabira tana lilo a gabansa.
"Kakana ke nan," in ji shi. "Ɗan Sikotlan ne.
Kan jirgi ya zo gyarawa,
ya bar wa kakata ɗa, da agogo, da wannan takarda.
Majami'armu ta sa ranar tuna asali,
kowa ya zo da suturar gidansu.
Ni wace zan sa, Garzali?"

Na ce, "Shekara talatin ina yanka,
ban taɓa auna ƙugun namiji don siket ba."
Ya ce, "Maƙeri fa, da walkinsa?"
Na rasa ta cewa. Na ɗauko magwaji.

Muka zauna lissafi a bayan kwalin maɓalli.
Na asali, na ulu, daga can ƙasar sanyi:
kuɗin sabon babur, har da man cikin tanki.
Ya soke da biro.
Na Kantin Kwari, yadi takwas ake bukata.
Takwas! Riga da wando da ragowar ta yaro,
duk a naɗe a ƙugu ɗaya.
Ya ware kuɗin makarantar Rifkatu, wannan ba a taɓa shi.
Ya ware na haya.
Abin da ya saura ko cinya ba zai rufe ba.

A Ƙofar Wambai muka dace:
bargon gwanjo biyu, kore da shuɗi, jan zare ya ratsa,
dubu tara, bayan mai dila ya gama rantse-rantse.
Baduku a Kurmi ya karɓi aikin zabira,
dubu huɗu, biya biyu.
Safar 'yan ƙwallo. Fil na matarsa.
Ladan ɗinki? Na ce sai na gan shi a jiki.

Kwana shida ina ninki da dutsen guga na gawayi.
Ninki ashirin da bakwai. Uku suka karkace,
na gyara biyu, ɗaya ya ƙi, na ƙyale shi.
Sai bargo ya gaza da taƙi guda.
Da dare ya dawo da ƙunshi a hammata:
tsohon zanen saƙi, baba ta ci shi har ya yi baƙi,
na kakarsa ne, Larai, mai fura a tashar jirgi.
Na sa shi ta ciki, inda ido ba ya kai.

Tela ba ya yarda da ɗinki sai ya ga yana tafiya.
Ran Lahadi na hau a-daidaita zuwa Sabon Gari,
wani dattijo ya ba ni benci a bakin taga.
Ga Tibi cikin baƙi da fari,
ga jajayen huluna, ga gwaggwaro kamar faifai,
ga nawa, shi kaɗai,
yana zufa cikin bargo a tsakiyar bazara.

Wani tsohon ɗan sanda mai ritaya
ya matse salka a hammata, algaitu uku a kafaɗa,
ya busa. Yara suka tuntsire.
Can kuma suka yi tsit.

Aka ce kowa ya kira sunan nasa.
Istifanus ya miƙe, ya faɗi na Baturen,
harshensa ya ɗan yi tuntuɓe a kai.
Sannan ya dafa ƙugu, daidai inda saƙin yake,
ya ce, "Larai,"
kuma wannan bai yi tuntuɓe ba.

Ni dai idona na kan ninkin da ya ƙi.
Da ya juya, ya buɗe tare da 'yan'uwansa,
ba wanda ya gane.

Litinin ya kawo dubu biyar da kwalbar zoɓo.
Saura, in ji shi, ƙarshen wata.
Na rubuta a bayan kwalin nan,
ƙarƙashin kuɗin babur ɗin da ya soke.