Azumi a Ƙarƙashin Tekun Jawa

Daga tashar Surabaya muka sulale da asuba,
mu talatin da takwas a cikin baƙin tulun ƙarfe.
Ba ganga, ba algaita,
sai Lastri can bayan shingen waya,
ta ƙanƙame Wening kamar za a ƙwace mata ita.

Ni ne kuku. Sunana Sutarman.
Manyan sojan ruwa na ƙirga jiragensu masu nutso,
ni kuwa ƙwai nake ƙirgawa.
Madafata taku biyu ce da rabi.
Alayyafo ya mutu ran kwana biyar,
ayaba ta bi shi ran na bakwai,
daga nan sai gwangwani da shinkafa
da yajin da Lastri ta daka ta cusa mini a jaka.

A nan ƙasa rana ba ta fitowa balle ta faɗi.
Farar fitila ce yini, ja ce dare.
Azumi ya riske mu a zurfin gaba ɗari:
sahur da agogo, shan ruwa da agogo,
alƙibla sai an tambayi matuƙi.
Ka kabbara tana gabanka,
kafin ka sallame ta koma bayan kunnenka.

In kwamanda ya ce a yi tsit,
sai in naɗe ludayi da tsumma,
in tuɓe takalmi, in kashe murhu,
in riƙe tari a maƙogwaro kamar sirrin wani.
Cokali ɗaya ya isa ya tona asirinmu.
Wa ke neman mu? Oho.
Wa muke nema? Ba a gaya wa kuku.

Iskar da na shaƙa yau
jiya ta fito daga ƙirjin Kusnadi.
Gadon da na bari, da ɗuminsa wani zai hau.
Nakan tuna Annabi Yunusa,
amma shi haɗiye shi aka yi,
mu da ƙafarmu muka shigo, har da sa hannu a takarda.

Matheos, ɗan tsibirin Ambon, shi ne kunnen jirgi.
Kirista ne, azumi bai hau kansa ba,
duk da haka sai ya juya mana baya
yake tauna biskit, a hankali, kamar ɓarawo.
Ya san muryar kowane inji da ke wucewa a samanmu.
Ya ce jatan lande in sun taru
kamar albasata suke a cikin mai.

Daren ashirin da tara ya zo.
Kusnadi ya ce gobe, Wiryo ya ce jibi.
An hana mu leƙa sama, an hana rediyo,
ga wata can, ga mu nan.
Sai Matheos ya zame abin kunnensa, ya yafito ni:
"Kuku, zo ka ji."
Na ji tutu-tutu, tutu-tutu,
ɗaya, biyar, ashirin,
kwale-kwalen masunta duk sun juya hanci gida
tun dare bai raba ba.
"Masunci ba ya barin ruwa mai kifi banza," in ji shi.
"An ga watanku."

Ban ce uffan ba.
Na zaro kwakwar da na ɓoye bayan buhun gishiri,
na fasa ta cikin bargo don kada teku ta ji.
Babu ganyen da zan saƙa wa shinkafa riga,
sai na ƙulla ta a leda.

Da farar fitila ta kama
muka yi sahu tsakanin makamai biyu masu barci,
muka yi kabbara da raɗa.
Kwanon farko na Matheos ne.
Ya ci yana kallonmu, ido cikin ido.

Na taho Wening na da haƙori ɗaya.
Ban san nawa ke bakinta yanzu ba.
Na dai san Lastri ta ajiye mini kwano a rufe,
tana duban teku ta taga,
tekun da ko kumfa ba mu bar mata a kai ba.