Sautin da Kunne Ba Ya Ji

Shekara talatin da huɗu a tekun Vigo
babana Xurxo yana jefa sauti cikin ruwa,
na'ura ta tsinto amsa-kuwwa,
ta zana masa garken kifi a allo.

Ran wata Talata, yana naɗe igiya a tashar jiragen ruwa,
ƙirjinsa ya ƙulle.
Kwandon sardin ya kife, tsuntsaye suka yi ta wasoso.
Brais ya kai shi asibiti a motar kifi,
da ƙarninta da ƙanƙararta.

An buɗe jijiyar. Ya rayu.
Sai dai wani yanki na zuciyar ya yi tabo, ya daina motsi,
matakala goma sha ɗaya ta gidanmu
ta koma masa tafiyar yini.

Likita Sabela ta ce gwaji ne, ba ta yi mana alkawari ba.
Ta ɗaga 'yar kwalba mai ruwa fari kamar madara.
Kumfa ne, in ji ta, ƙanana, ido ba ya rarrabe su,
kowanne ya goyo ƙwayar halitta,
saƙo zuwa ga tsoka: ki tsirar da sababbin jijiyoyi.
Za su bi jini su zaga gari duka,
ba za su sauke kaya ba
sai a inda sauti ya tare su.
Can su fashe,
ƙofar tantani ta ɗan buɗe,
saƙo ya shige.

Babana ya daɗe yana kallonta.
"Wato kifi za ki nema a cikina."
Ya sa hannu a takarda da yatsun da ƙugiya ta sha cizo.

Man da aka shafa masa a ƙirji da sanyi, ya yi tsaki.
Allura ta shiga.
A allo, duhun zuciyarsa ya fara cika da haske,
ɗigo-ɗigo, sannan gaba ɗaya.
Ya ɗaga kai daga matashi: "Garke ne, Uxía, dubi!"
Likita ta danna maɓalli.
Hasken ya watse.
Ban ji komai ba. Shi ma bai ji ba.

Yau mako tara.
Ina bayansa da ledar burodi, ina ƙirga a zuci.
Da a ta biyar yake tsayawa ya riƙe ƙarfe.
Jiya sai a ta takwas.
Ko maganin ne, ko taurin kan masunci,
likita ta ce a jira hoton watan gobe.

Da dare nakan tsaya a ƙofar ɗakinsa,
in ce "Baba?" a hankali cikin duhu,
in jira abin da zai dawo.