Makullin Ɗakin Ƙasa

Larabar ƙarshe a Duluth.
Tafki ya daskare har bakin gaɓa,
jiragen tama sun kwanta a tasha,
mu kuwa muna ɗakin ƙasa na coci
muna cin kek a farantin takarda.

Shekara ashirin da uku, Ardis Lahti.
Fasto ya ƙirga su gaban jama'a,
aka tafa, aka ba ki agogo,
ke da ba ki taɓa sallamar mu a kan lokaci ba.

Ni ban tafa ba.
Hannuwana suna cikin aljihu
kamar ranar da aka fara kawo ni,
ina ɗan sha uku, da takardar alƙali,
da takalmin da ruwa ke shiga.
Ba ki buɗe mini Littafi ba ran nan.
Tsintsiya kika miƙo,
kika ce, "Dorian, wancan lungun naka ne."
Wata bakwai ina shara
kafin na tambaye ki wane ne Yesun nan
da ya sa mace mai ciwon gwiwa
tuƙa tsohuwar bas cikin dusar ƙanƙara,
tana bin 'ya'yan da ba ta haifa ba gida-gida.
Kika ce, "Gama sharar tukuna."

Wasu sun tsaya da ƙafafunsu.
Shanice tana aikin jinya,
Anders yana walda, ya samu tagwaye.
Wasu kuwa, kin san su.
Tare muka tsaya a kan kabarin Colton,
ƙasar da sai da aka gasa ta kafin ta haƙu.
Kika buɗe Zabura, murya ta ƙi fita,
kika rufe.
Shirun nan ya fi kowane wa'azi kama ni.

Yanzu kin ce gidan tsofaffi za ki,
can kudu, tafiyar awa uku,
wurin masu manta sunayen 'ya'yansu.
Na ce, "Mu fa?
Waɗancan sun kusa sauke kaya,
namu ko gammo ba su naɗa ba."
Kika ce, "Wanda ya aiko ni nan
bai ce in mutu a nan ba.
Inuwar babban itace da daɗin zama,
amma me ka taɓa gani ya tsiro a gindinsa?"
Na ji haushin maganar.
Har yanzu ina jin sauransa a maƙogwaro.

Da jama'a suka watse
kika zare makulli daga wuyanki,
igiyar ta yi baƙi don daɗewa.
"Ƙofar tana da taurin kai," in ji ki,
"sai ka ɗaga ta da gwiwa kafin ka murɗa."
Ashe nan ciwon ya samo asali.
Kika haɗa mini da littafin sunaye:
ɗari huɗu da goma sha ɗaya,
wanda baya cin gyaɗa, wanda ubansa ke kurkuku,
wadda ba a taɓa mata kafaɗa ta baya.
Na sami nawa a shafi na tara.
Kalma biyu kawai a gefensa: yana saurare.

Yau Laraba ce kuma.
Na ɗaga ƙofar da gwiwa, ta buɗe.
Na kunna hita, na jera kujeru,
na yi addu'a gajera, irin ta mai jin tsoro.
Ƙarfe huɗu da kwata wata yarinya ta shigo,
baƙuwa, hula har gira,
hannuwanta cikin aljihu.
Ta ce an ce mata ta nemi Ardis.

Na buɗe baki, ayoyi suka yi cincirindo,
duk na haɗiye su.
Na duba bayan ƙofa.
Tsintsiyar tana nan inda kika bar ta.