Mai Ƙwanƙwasa Taga a Burnley

Ƙarfe uku da rabi nake fita,
gari na barci, bututun masaƙa kaɗai ke tari.
Gora a kafaɗata, ta yi ukuna a tsawo,
da 'yar waya ɗaure a bakinta
don kar gilashin mutane ya fashe.
Kwabo uku a mako kowane gida.
Ban taɓa sayar da agogo ba.
Ni ce agogon.

Tagar farko ta Enoch Duckworth ce, mai gyaran injin saƙa.
Bugu uku, sai ya ɗaga labule da zagi,
ni kuwa in wuce da murmushi,
don zagin nan ne shaidar ya kwana lafiya.
Sai 'yan matan Ormerod, su huɗu a gado ɗaya,
ƙaramar ce ke tashi, ta shuri sauran.
Can ƙarshen layi akwai Tabitha Pickup.
Ta bar masaƙa tun kunnenta ya mutu,
ba ta ma jin bugun,
amma tana biya duk Juma'a
don ta ga inuwar gorata a labule,
ta kunna mini kyandir.
Ranar da kyandir bai kama ba
na ɓalle ƙofa da kafaɗa,
na same ta ƙasan bene, ƙugu a karye, da sauran numfashi.

Ƙarfe shida ake rufe ƙofar masaƙa.
Minti ɗaya ka makara, a yanke maka na awa.
Shekara ashirin da shida
ba wanda aka yanke wa saboda ni.

Sai ga wani yaro daga Manchester, farar kwala, takalmi na ƙyalli,
da ƙaramin agogo a tafin hannu.
Ya tsaya bayan masaƙa yana ƙirga
sau nawa hannu ke miƙewa, sau nawa baya ke sunkuyawa,
har shan ruwa ya rubuta.
Ya ce mai inji huɗu zai iya shida.
Lissafinsa bai yi ƙarya ba, an iya.
Amma cikin kowane uku, ɗaya ya koma gida,
tagarsa ta daina bukatata.

Sauran kuma shagon Hargreaves ya cinye su.
Agogo mai ƙararrawa, kunnuwa biyu kamar ɓera,
kuɗinsa bai kai ladana na rabin shekara ba.
Suka riƙa zuwa ɗaya-ɗaya, hula a hannu, ido a ƙasa:
Hetty, ba don komai ba ne, kin dai san yanayi.
Na sani.
In kiɗa ya sauya, ba a tambayar gurgu ko ya shirya.

Ba zan yi wa abin ƙazafi ba.
Ba ya mura, ba ya zamewa a ƙanƙara,
gwiwarsa ba ta kumbura kamar tawa.
Ni ma na sayi ɗaya, in gaya muku gaskiya,
na yi barcin dare karo na farko tun ina budurwa,
na farka ina kuka, ban san dalili ba.

A hunturun bara agogon Enoch ya buga a kan lokaci.
Ya buga, ya buga, har wayarsa ta saki.
Bai jira labule ba, bai jira zagi ba.
Aikinsa ya yi, ya yi shiru.
Kwana huɗu kafin mai madara ya lura
kwalabe sun taru a bakin ƙofa.

Gorar tana nan bayan gida,
ita ke tokare igiyar shanya.
Wani lokaci iska kan kaɗa ta da asuba,
bakinta ya taɓa tagata sau biyu, sau uku,
sai in ɗaga labule,
in zage ta.