Aikin Dare a Hammerfest

A garinmu, watan Yuni, rana ba ta faɗuwa.
Takan sauko ta leƙa teku, ta fasa, ta koma sama.
Mai cikakken hankali ma sai ya duba agogo
kafin ya yarda dare ya yi,
balle wanda gigin tsufa ya kwashe wa lissafi.

Ni ce mai aikin dare a bene na biyu.
Ɗaki goma sha ɗaya,
kowa da shekarar da agogonsa ya tsaya.

Eilif yakan tashi ƙarfe uku.
Shekara arba'in yana gasa burodi a bakin tashar jiragen ruwa.
Ya manta sunan 'yarsa, ya manta matarsa ta rasu,
amma hannunsa bai manta kwaɓi ba.
Da can mukan ce, koma ka kwanta,
ya fusata, mu kawo ƙwaya,
gari ya waye yana tangaɗi kamar kwalekwale,
har ranar da ya faɗi ya fasa goshi.
Yanzu akwai kwano a kicin, da fulawa, da ruwan ɗumi.
Ya murza, ya naɗe, ya rufe da ƙyalle,
ya ce, a bar shi ya tashi.
Na ce, to ɗan kishingiɗa kafin nan.
Kwaɓin na tashi, shi yana sauka.

Barci ba akuya ba ne da za a ja shi da igiya.
Baƙo ne mai kunya:
in ya ji hayaniya a ƙofa, sai ya wuce.

Don haka muka zuba wa tayar amalanken magani mai,
muka bar takalma masu ƙwas-ƙwas,
muka daina haska fuskar mutum da tocila
don kawai mu rubuta cewa yana barci,
alhali mu ne muka tashe shi.
Kofi kuwa, bayan ƙarfe biyun rana babu;
a kan wannan an kai ruwa rana da mu.
Da safe kowa waje, da bargo a gwiwa,
ya sha haske, ya ji iskar gishiri a hanci,
don jiki ya san inda yini ya fara.
Torunn ce ta ce mu cire fararen kaya.
Na yi dariya, amma ga ni cikin rigar barci mai furanni,
wanda ya leƙo ya gan ni sai ya ce, ashe dare ne.

Borghild ba ta son labule mai kauri.
Na ja, ta buɗe. Na ja, ta buɗe.
Jirgin mijinta take jira
tun wani hunturu da ban zo duniya ba.
Sai na kunna mata rediyo ƙasa-ƙasa,
mai faɗin yanayin teku yana cewa
iska kaɗan ce daga yamma.
Ta ce, to, zai iso lafiya.
Ta rungume tsohuwar rigarsa ta ulu,
ita da kanta ta ja labulen.

Ba kowa dabara ke ci ba.
Sverre na ɗaki na tara har yau yawo yake,
daga ƙofa zuwa taga, daga taga zuwa ƙofa.
Ban san abin da ya ɓace masa ba.
Nakan jera da shi kawai, kafaɗa da kafaɗa,
wani dare sawu ɗari, wani dare har asuba.

Ƙarfe biyar tsuntsayen teku suka fara gardama.
Na sa kwaɓin a tanda.
Ƙarfe takwas Eilif ya fito, ido garau,
ya gutsura, ya tauna a hankali,
ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba,
ya ce, wa ya gasa wannan?
Ki gaya masa gishiri ya yi kaɗan.