Rabin Littafi a Kusuri

Ranar Talata, darasin ƙarshe, fanka ta mutu,
alli yana narkewa a yatsuna.
Na ce su rufe littattafai,
yau zancen ƙwayoyin haske biyu ne,
waɗanda aka haifa a ƙyaftawa ɗaya,
aka sallami ɗaya gabas, ɗaya yamma.

Falmata ta ɗaga hannu tun ban dire ba.
"Malama, ai goro ne.
Ki ɓare shi, ki ba direba ɓari guda
ya haye gadar Ngeli da shi.
In na hannunki fari ne, na Njamena ma fari ne.
Ina abin mamaki?"

Na yi murmushi, 'yar mai goro ake koya wa goro.
Na ce: shi ya san launinsa tun yana cikin huhu.
Waɗannan kuwa ba su ɗauko amsa daga gida ba.
Sai an tare ɗaya an tambaye ta
take yankewa, kamar an cilla kwabo sama.
Ta can ma, in tambayar iri ɗaya ce,
bakinsu ya zo ɗaya.
A karkata tambayar, a sake karkatawa,
jituwarsu ta zarce duk wata yarjejeniya
da za su iya ƙullawa a ɓoye kafin rabuwa.
An ƙirga. An sake ƙirgawa.

Daga bencin baya Abakura ya ce,
"To mu daina sayen katin waya mana,
mu riƙa aike da su, ko kwastan ba zai gani ba."
Aji ya ɗauka.
Na ce: nan ne suka fi mu wayo.
Mai awo a Kusuri zai cika takarda da i da a'a,
ba kai ba gindi,
kamar sawun kaji a rairayin Lagon.
Na tsallake ma haka.
Ba wanda ya aika, ba wanda ya karɓa.
Sai ɗaya ya naɗe takardarsa, ya hau babur,
ya bi layin gada, ya nuna katin shaida,
a shimfiɗa su gefe da gefe,
sannan magana ta fito.
Labarin ba ya cikin wannan,
ba ya cikin waccan.
Yana tsakani.

Aka kaɗa ƙararrawa, suka watse.
Na tsaya goge allo, hannuna ya yi nauyi.

Shekara tara ke nan da rasuwar Baba.
Daren sadakar uku muka ja littafin bashinsa,
ni da Sabi'u, kowa na cewa shi ya fi sanin ciniki,
ya tsage tun daga sama har ƙasa.
Sunaye suka biyo ni,
kuɗaɗe suka bi shi.
Ina da Bukar mai taya, da Hajja Kaltuma,
da wani da aka rubuta "ɗan Mora" kawai.
Ban san nawa ba. Ban san wa ke bin wa ba.
Shi yana can da jaka bakwai, jaka goma sha biyu,
lambobi marasa iyaye.
In na fita bakin kogi da magariba
ina hango fitilun garinsu.

Na sani, Falmata, kada ki kama ni:
littafin Baba goro ne,
tawadarsa ta bushe tun muna yara.
Amma abin da zan ce in ya buɗe ƙofa,
da abin da zai ce,
ba a rubuta su ko'ina ba.
Na laluba cikina ban samu ba.
Sai an tambaya.

Rabin nawa yana ƙasan akwati, cikin zanen Inna.
Na ciro shi, na karkaɗe.
Akwai sauran rana kafin a rufe gada.
Mai babur ya ce ɗari biyar.
Ban yi ciniki ba.