Karɓa Ba Ajiya Ba Ce

A ofishin awon auduga na Pitowa,
bayan isha'i, daga ni sai fanka mai tarin tsufa,
ina koya wa manhaja ladabin roƙo.
Ba ta da hannun taɓa faifai da kanta.
Sai ta tsaya bakin ƙofa ta yi kira,
zuciyar na'ura ta leƙo: me kika kawo?

Abu uku ake faɗa, ba ƙari:
ga lambar ƙofa, ga inda kayan suke, ga yawansu.
Lamba uku fayil ne, yana nan cikin ɗaki.
Lamba huɗu soket ne, ɗaya bakinsa na Garwa.
Kiran dai guda ne, rubuta,
amma kowa da irin amsarsa.

Soket marowaci ne ran da layi ya cushe.
Na miƙa masa bayit dubu huɗu da casa'in da shida,
ya tsinci dubu da ɗari huɗu, ya ce cikina ya cika.
Bai yi ƙarya ba, bai kuma ba da haƙuri ba.
Wanda bai ƙirga canjinsa ba, shi ya so.
Sai in tattara ragowa in sake miƙawa,
in sake,
kamar mai yi wa maraƙi ɗura.
Wata rana ya ce ba yanzu ba, dawo anjima.
Wata rana mutanen Garwa su rufe nasu bakin,
su tafi cin kifin Binuwai ba sallama,
ni ina nan ina zuba zance a karyayyen bututu.

Fayil kuwa da fara'a ya cuce ni.
Duk abin da na bayar sai a ce an karɓa, cif.
Daren Talata, awon ƙauyuka bakwai,
na ga amsa ta yi daidai, na miƙe ina miƙa.
Tara da kwata wuta ta ɗauke.

Da hantsi Barkindo Jingi ya jingine kekensa,
ya zaro 'yar takarda daga naɗin hula:
kilo ɗari takwas da goma sha biyu.
Na buɗe fayil. Na gabansa yana nan.
Shi babu.
Mutum goma sha tara na bayansa, babu.
Ashe zuciyar na'ura a tafin hannu ta riƙe su,
tana jira su taru ta kai faifai tashi ɗaya,
don ta rage wa kanta zirga-zirga.
Wuta ta tafi, hannu ya buɗe.

Bai yi faɗa ba. Da ma ya yi.
Ya ce, yaro, ni dai na ga audugata ta hau mota,
na ga ƙurarta har ta sha kwana.
In injinka ya manta, bayana bai manta ba.

Kwana biyu ni da Dijatu mai biyan kuɗi
muna bin takardu masu maiƙo da shatin yatsa,
tana karantawa, ina shigarwa,
ba ta ce mini komai ba, wannan ya fi zagi.

Tun ranar ba na barin ƙofa don an ce an karɓa.
Ina ƙara kira na biyu, mai nauyin ƙafa:
sauke shi kan faifai, ina tsaye, sai na ji ya zauna.
Soket ma ko ya haɗiye duka ban yarda ba,
sai Garwa ta amsa da bakinta.
Shugaba ya ce manhajar nan ta koyi nawa.
Na ce ƙwarai, ranka ya daɗe, ni na koya mata.

Bana Barkindo ya dawo, kilo ɗari tara da huɗu.
Ya ce an rubuta? Na ce an rubuta.
Ya ce an ajiye?
Bai taɓa kekensa ba
sai da 'yar fitilar faifai ta ƙifta, ta ƙifta, ta natsu.